Abin da Bijimina Ya Sayo a Shagari

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanena da ya zo daga Dingyadi ya kwana gidanmu, da kuma babban yaron gidan. Waɗanda suka san ni sun san ba na kama sunansa, ɗan fari ne, kuma ba don ina rubutu a waya zan fara yau ba. Shagari muka nufa. Na san wasunku za su yi dariya su ce daga Bodinga zuwa Shagari har wata tafiya ce ta ba da labari? To ni dai a wurina tafiya ce. Ni da ko gidan suna na je, kafin a raba goro hankalina ya koma kan kajina da tukunyar da na bari a murhu. Sai da na leƙa saniyata sau ba iyaka, na ja kunnen surukata a kan dusarta, sannan na yarda na saka takalmi.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Yaron nan sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna, ya dawo gida ya tace, ya haɗa, ya ba masu shi. Da wata 'yar kwamfutar cinya yake aikin, tsohuwa, wadda in ya ba ta aiki da safe sai ta wuni tana nishi. Amarya har ta saba da gidan miji bidiyonta bai fito ba. Mutane suka fara ɗauke aikinsu suna kaiwa cikin Sakkwato. Sai ya tura kawunsa ya roƙe ni bijimina, ja mai farin goshi, wanda na yi wa turke na kiwata da dusa da harawa har ya zama abin kallo a unguwa. Wai akwai wani mutum a Shagari mai kwamfutocin aiki guda biyu, ƙarama da babba, zai sayar da ɗaya. Na bayar, ƙanena ya kai kasuwa ya sayar. Amma na ce da sharaɗi: sai na ga abin da bijimina zai koma da idona.

Ba haka kawai na kafa sharaɗin ba. Allah bai ba ni karatu mai nisa ba, amma ya ba ni kunne. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da shagon da yake aiki, kuma na sha jin shi da abokansa da yamma suna ihun an ci ƙwallo alhali babu fili babu ƙwallo. Gem suke kiran abin. To ranar da yake waya da mai kwamfutar, kalmar nan ta faɗo kunnena har sau biyu. Sannan akwai wata alama da ni kaɗai na sani: tun yana ƙarami, in zai faɗi abin da ba shi ne a ransa ba, sai ya yi gyaran murya kaɗan, kamar ƙaya ta maƙale masa. Da kawunsa ya tambaye shi a gabana ko ya san wadda yake so, ya ce e, ƙaramar, sai na ji ƙayar nan. Tun daga ranar nake tambayar kaina, bijimin nan sana'a zai koma ko wasa?

Kada ku ce me ya hana in tambaye shi. Mu a gidanmu uwa ba ta zama ta tsare ɗan fari da ido tana masa tambayoyi. In ina da magana, wanda ke kusa nake faɗa wa, ko da kuwa yaron na zaune gabana. Shi ya sa na ɗauko ƙanena, ya zama bakina.

A tasha muka iske wata ƙaramar mota, mutum uku zaune a baya, kwandasta na ta faɗin saura kaɗan a tashi. Na dubi mutanen nan, babu mai kaya, babu mai ƙurar hanya a ƙafa, ɗaya ma shayi yake sha da kofin mai shayin tasha. Na raɗa wa ƙanena cewa waɗannan ba matafiya ba ne, an zaunar da su ne don a ga mota ta kusa cika. Ya ce Yaya kin fara. Muna biya muna shiga, biyu daga ciki suka sulale, har da mai kofin. Na dai dubi ƙanena har sai da ya kau da kai. Kuɗin mota kuwa ya ninka abin da na sani tun zuwana na ƙarshe, ƙosai kuma ya ƙanƙance, sai ka ce da cokalin shayi ake zuba shi a mai. Amma kokon yana da kyau, da citta da kanunfari, ban rage ba.

Kuɗin bijimin suna jikina cikin lalita, ƙarƙashin zani, ƙarƙashin hijabi. Yaron ya so a zuba a banki a tura ta waya, na sa aka ce masa kuɗin da ban ji nauyinsa a ƙuguna ba ban san na biya ba. Wata mata daga Danchadi ta shigo da kwandon tattasai ta zauna kusa da ni, mai fara'a, mai tambaya. Ina za ku? Wurin wa? Biki ne? Duk tambaya ɗaya sai in ƙara danne lalitar da gwiwar hannu. Na ce mata ziyara ce. Daga baya hira ta yi daɗi, ta ba ni labarin yadda ruwan fadamarsu ya ja baya bana da yadda man injin ban ruwa ke cinye ribar lambu, har ta cika min leda da tattasai da za ta sauka. Na ji kunya kaɗan, amma gwiwar hannuna ba ta bar inda take ba.

Hanya kuwa bazara ta gama da ita. Gonaki fayau, sai kututturan kara da tumaki na tsince-tsince. Can sai ka hango tsanwa shar inda fadama take, ka ji sanyi a ido. Ko'ina albasa: a buhu a bakin titi, a bayan jakai, a manyan motoci an lafta har sun karkace. Warinta ya shigo motar ya zauna tare da mu har Shagari. Muka tsaya garken shanu ya tsallaka titi, direba na ƙunƙuni, ni kuwa ina duba ko akwai ja mai farin goshi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne faifan sola. Duk ƙauyen da muka ratsa, sai ka ga rumfa ta kara amma da faifai a kanta, samari sun yi cincirindo suna cajin waya. Yaron na gaba kusa da direba, bai ce uffan ba duk tafiyar, sai duba waya yake yana mayarwa aljihu. Wannan shirun ma na saka shi cikin lissafina.

Rana ta fara zafi muka sauka Shagari. Mai kwamfutar ya tarye mu a bakin titi, magidanci ne mai farin gilashi, mai sanyin magana. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya tambayi gida da gajiya da dabbobi. Ni kuwa dillalin da ya cika ladabi na fi tsoro da mai hayaniya. A hanya ya gaya mana zanen gine-gine yake yi wa 'yan kwangila, ya daɗe a birni, rasuwar mahaifinsa ta dawo da shi gida ya riƙe dukiya. Kwamfuta biyu gare shi, aikinsa ya ragu, ɗaya ta ishe shi. Duk wadda muka zaɓa mu ɗauka, shi ya riƙe ɗayar. Na ajiye wannan maganar a gefe guda na zuciyata, don na san za ta yi amfani.

Shagonsa na jikin zaure, rufin gidan kuwa faifan sola ne jere kamar an shanya tabarmi. Aka shimfiɗa min darduma a bakin ƙofa. Ga su nan kan tebur, akwatuna biyu baƙaƙe, kowanne da gilashi a gefe kana hango cikinsa, fankoki da wayoyi. Ni a ido ban ga bambanci ba. Ya ce bambancin na cikin ƙwaƙwalwar, wadda suke kira furosesa, ya ɗauko wata matacciya daga aljihun tebur ya ɗora min a hannu don in ga irinta. Jama'a, ba ta cika tafin hannuna ba. Na juya ta, na auna nauyinta, na tuna bijimin da sai mutum biyu ke riƙe igiyarsa. Ya yi murmushi ya ce akwatin gaba ɗaya za mu saya, amma ƙwaƙwalwar ce ke yanke komai, don kowace da irin allon da take zama a kai, in ka zaɓi ɗaya ba ka cire ta gobe ka saka ɗayar.

Ya yi bayani, kuma gaskiya ya iya bayani. Dukansu tsofaffi ne, a zamaninsu sai manyan kamfanoni da masu hali ke sayensu, yanzu da sababbi suka fito farashinsu ya sauko. A cikin ɗaya akwai ma'aikata takwas, kowanne mai zafin nama. A cikin ɗayar goma sha shida, amma kowanne bai kai na farkon sauri ba. Ya ce gem kamar aike ne kasuwa, mai gudu ake so ba taro ba, don haka mai takwas ta fi daɗin gem. Haɗa bidiyo kuwa kamar noman babbar gona ne, gayya ake so, don haka mai sha shida ta fi saurin gamawa. Har nan ina tare da shi. Sai kuma ya juya ya fara kushe babbar, wato mai sha shidan.

"Amma Inna, wagga tana da ci. Wuta taka sha awa rijiya ta ƙafe. Ga zafi, ga bazararmu. Allonta kuma in ya mutu, sai an biɗo daga nesa, in ma an samu. Ni da za a bi tawa, ƙaramar za ku ɗauka."

Nan na ankara, don na san wannan waƙar tun ina yarinya. Mahaifinmu mai shanu ne. In mai saye ya shigo garke ya nuna karsanar da Baba ya fi so, Baba ba ya cewa ba ta sayarwa ba ce, wannan rashin kunya ne ga baƙo. Sai ya girgiza kai ya ce wagga tana harbi, ba ta bari a tatsa, ga ta da ci. Ya ja mutum a hankali zuwa wadda yake son rabuwa da ita. Duk wanda ya tashi cikin dabbobi ya san wadda mai garke ya kushe ita ce ta ƙwarai. To ga mutum ya faɗa da bakinsa zai riƙe wadda muka bari, ga shi yana kushe ɗaya. Ga kuma yarona yana son wadda aka ce ta fi daɗin gem. Na ce a raina, an haɗa baki: mai gida ya tsira da karsanarsa, yaro ya samu abin wasa, ni kuma bijimina ya tafi a banza.

Na juya wurin ƙanena. "Ka ce masu a gwada. Ba a sayen dabba tana kwance. A tashe su duka su yi tafiya in gani."

Mai kwamfutar ya ce daidai ne. Yaron ya ciro falash, ɗan abin da yake ajiye bidiyo a ciki, daga aljihu, akwai wani ɗaurin aure da ya ɗauka bai gama haɗawa ba. Aka zuba aiki iri ɗaya a kowace, aka tashe su tare. Fankoki suka ɗauka. Ƙaramar tana wani siririn kuka, babbar kuwa gurnani take daga ƙasa, irin na injin niƙa in an zuba masa gero. Kafin wani lokaci shagon ya ɗumame har ƙanena ya cire hula yana fifita.

Ana cikin jira aka aiko daga cikin gida wai baƙuwa ta shigo ta sha ruwa. Na shiga, amma da niyyata. Mai sayen dabba mai hankali yakan zagaya ya tambayi mutanen gida. Mahaifiyar mutumin dattijuwa ce mai barkwanci, ta dama min hura da nono mai kauri, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Hurar Shagari dai ban da abin cewa, sai dai sun fi mu sa yaji. Bayan an gaisa an tambayi dangi har an gano kakarta 'yar wajen Dingyadi ce, sai na sako zancen a hankali, na ce wace ce a cikin akwatunan nan ɗanta ya fi ji da ita.

"Mai gurnanin mana," ta ce. "Ni kuwa da za ku ɗauke muna ita da kun yi min gata. In ta tashi aiki da rana ta yi sanyi, sai an kashe firij. Ruwan sanyi ya gagare ni a gidan ɗana saboda akwati."

Na yi dariya tare da ita. Rabin maganarta ya tabbatar min da zargina, ya fi son babbar. Ɗaya rabin kuwa, na firij, na ce ƙila an koya mata kafin mu zo. Kun ga inda zargi ke kai mutum, har tsohuwa mai dama hura ban bari ba.

Ina komowa na iske babbar ta gama, ƙaramar kuwa da sauranta, sai da muka ƙara zama kafin ta kai. Na gyara hijabi, na ji kaina ya yi daidai. Na ce wa ƙanena ya faɗa masu babbar za mu ɗauka, a ɗaure ta. Sai yaron, kansa a ƙasa, ya yi gyaran muryar nan ya ce, "Kawu, ƙaramar ta ishe ni."

Raina ya ɓaci, na manta da akwai baƙo. "Ka tambaye shi," na ce da ƙanena, "bijimin da na hana kaina barcin rana a kansa, gem za shi yi da shi? Ga mai aiki ta gama a gaban kowa, mi ya gani ga wadda aka bari baya in ba wasa ba?"

Bai ɗago ba. Sai na juya kan mai kwamfutar, shi kam ba ɗana ba ne, na dube shi ido da ido na ce ni ɗiyar mai shanu ce, na san abin da ake nufi in an ce karsana tana harbi. Na zaci zai yi fushi ko ya hau rantsuwa. Sai ya cire gilashinsa ya yi dariya har da tafa hannu.

"Wallahi Inna kin kama ni. Ita nika son in riƙe, ban musu. Amma harbin ma gaskiya ne. Bari ki gani da idonki."

Ya tambayi yaron irin solar da ke gare shi a Bodinga. Da ya ji, sai ya shiga gida ya kinkimo wata tsohuwar inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta zama ta gida, da batir, wadda suke kunna fitilu da ita kafin ya ƙara faifai, ya ce kusan irin tamu ce. Ya cire babbar daga wutar gidan ya jona ta a nan, aka sake ba ta aikin. Da farko lafiya. Ba a jima ba inbatar ta fara ƙara, ƙit ƙit ƙit, kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa, sai ɗif, komai ya mutu, aikin da aka fara ya tafi. Aka bar batir ya huta, aka jona ƙaramar. Inbata ta yi ɗumi, fankarta ta tashi, amma ta riƙe. Ya ce gayyar mutum sha shida tana gama gona da wuri, sai dai sai kana da hatsin ciyar da sha shida. Wutar gari kuma na san halinta a unguwarmu, ba sai ya faɗa min ba. In dai babbar muke so, sai an ƙara faifai da batura da inbata mai ƙarfi.

Na tambayi ko nawa wannan ƙarin zai ci. Bai faɗi lamba ba, ɗan masu shanu ne shi ma. Ya ce, "Kamar wata dabbar, Inna."

Dabba ɗaya ta rage min a duniya, saniyar da na bari da safe, wadda da nononta nake dama hurar sayarwa, jikata kuma take sha. Ƙanena ya daɗe yana murza hularsa, sai a nan ya buɗe baki. Ya ce tun watannin baya yaron ke nuna masa hoton babbar a waya, har ya gaji da gani. Yaron ya lissafa komai tuntuni, ya ga in ya ce ita yake so, ni ba zan tsaya ba sai na kwance saniyar. Shi ya sa ya roƙi kawunsa kada ya faɗa min.

"Yaya, saniyarki yaka tsare miki," in ji shi.

Sai a lokacin na tuna abin da idona ya gani tun shigowarmu ban ba shi muhimmanci ba. Duk zaman nan, ko sau ɗaya yaron bai kalli ƙaramar ba. Kujerarsa na jikin babbar, har ya sa gefen rigarsa ya goge ƙurar gilashinta. Kunnena bai yi kuskure ba, ƙayar na nan, abin da ya faɗa ba shi ne a ransa ba. Ni ce na ɗora ta inda ba nan take ba.

Sai na ce da ƙanena ya faɗa wa yaron in aikin na buƙata, saniya ba ta fi shi ba. Wannan karon yaron bai bi ta kawunsa ba. Ya ɗago ya ce, "Inna, a bar ta. Wagga ma ta ninka ta gida nesa ba kusa ba. In aiki ya yi albarka, shi zai sayi faifansa." Ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa, "Gem kuma zan yi, in na gama aikin mutane. Ba ni ɓoye miki." Na kasa kunne iya kasawa. Babu gyaran murya ko kaɗan.

Ciniki bai ɗauki lokaci ba, ko da yake ban bari ya tafi haka nan ba. Na sa aka buɗe akwatin aka nuna wa yaron ƙwaƙwalwar da idonsa, don kada a ce takwas a ba mu shida. Na sa mai kwamfutar ya faɗi duk aibin da ya sani a gaban ƙanena, ya ce fanka ɗaya ta fara ƙara, ya canza ta nan take da wata. Ya ce a riƙa hure mata ƙura, kada a kunna ta a rufaffen ɗaki da tsakar rana. Na shiga daga ciki na kwance lalita, dattijuwar na tsokanata wai na bar mata maƙiyiyarta. Suka tsare mu sai da muka ci shinkafa da wake da man shanu, muka yi azahar, sannan aka naɗe akwatin cikin bargo aka ɗaure da igiya.

A tashar Shagari direba ya so ya jefa shi a but, can bayan mota, tare da buhunan albasa. Na ce ko kusa. Na biya kuɗin mutum guda, aka zaunar da shi a kujera tsakanina da ƙanena, na dafa shi da hannu duk ramin da muka faɗa. Wani dattijo a motar ya tambaya ko rediyo ne, na ce masa bijimi ne. Ya dube ni, ya dubi bargon, ya matsa can jikin ƙofa har Bodinga. Da la'asar sakaliya muka iso. Kafin in cire hijabi na zagaya baya. Saniyar tana nan tana tuƙa, ta ɗago ta dube ni kamar ba abin da ya faru, kuma a wurinta ba abin da ya faru.

Abin da tafiyar nan ta koya min, ga masu shirin sayen irin waɗannan tsofaffin manyan kwamfutoci: kada ku tsaya kan wace ta fi ƙarfi, ku fara duba wutar da ke gidanku da aikin da za ku ba ta. Ku sa a gwada a gabanku da aikinku, kuma da irin wutarku, ba ta mai sayarwa ba. Zargi kuma ban ce ku bari ba, ni ma ban bari ba, shi ya fitar da 'yan cika mota kuma shi ya sa mai gilashi ya faɗi gaskiya. Sai dai na gane mai garke na iya son karsanarsa kuma ta kasance tana harbin da gaske, ɗa kuma na iya ɓoye maka magana ba don ya cuce ka ba.

Yanzu ta katanga nake bin aikin. Na riga na rarrabe kukan fankar: in bidiyo take haɗawa, kuka ɗaya ne miƙaƙƙe ba ya hawa ba ya sauka, in kuwa gem ne sai ya riƙa tashi yana faɗuwa. Satin nan miƙaƙƙen na yi ta ji tun safe, mutane na sallama suna karɓar aikinsu. Jiya bayan la'asar sai na ji ya fara tashi yana faɗuwa. Na tatso saniyar, na dama hura mai kauri, na miƙa wa surukata na ce ta kai wa mutumin shagon can, ta ce masa kada ya bari ta yi tsami.